Yadda Mai Renon Yara a Gida a Ingila Za Ta Shirya Rubutattun Ƙa'idojinta Kafin Zuwan Sufeto

Duk macen da ake biya tana renon yaran da ba su kai shekara 8 ba a gidanta a Ingila, fiye da awa 2 a rana, dole ne ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren renon yara, ko da ɗaya daga cikin kamfanonin da aka yarje wa yi wa masu reno rajista. Dokar kula da yara ta 2006 ce ta tanadi haka, sai fa idan yaran nata ne na jini, kamar jikoki ko 'ya'yan ƙanne. Bayan rajista kuma sufeto zai zo duba aiki, kuma a nan hankalin 'yan'uwa mata da yawa yake tashi. Wata za ta ce miki sai kin tara ƙa'idoji talatin, wata ta turo miki nata fayil ɗin ta WhatsApp ta ce ki sauya suna kawai.

Kada ki yi haka. Zanen aro ba ya rufe katara: takardar da ke cewa akwai ƙofar tare matakala alhali gidanki ba bene ba ne, ko mai ɗauke da lambar wayar wata ƙaramar hukuma da ba taki ba, ita ce za ta fara tona ki. Sufeto ba yawan shafi yake ƙirgawa ba. So yake ya ga ko abin da kika ce kina yi shi ne abin da ake yi a ɗakin, kuma ko za ki iya faɗinsa da bakinki ba tare da kin buɗe fayil ba.

Bayanin nan na Ingila ne kawai. Sukotland da Wales da Ailan ta Arewa kowacce da hukumarta da dokokinta.

Mataki na 1: Ki fara sanin rajistar da kike ciki

Ɗauko satifiket ɗinki ki duba. Rajista iri biyu ce. Ta farko ita ce ta ƙananan yara, wadda suke kira Early Years Register, daga haihuwa zuwa 31 ga Agustan da ya biyo bayan cikar yaro shekara 5. Ta biyu ita ce Childcare Register, ta yaran da suka wuce nan. Yawancin masu reno suna cikin duka biyun, saboda yaron da kika rena yana jariri shi ne za a ce ki riƙa ɗauko shi daga firamare.

Bambancin yana da amfani ƙwarai. Kundin da ke tafiyar da rajistar farko, wato EYFS, wanda aka ware wa masu reno a gida nasu na musamman tun Janairun 2024, bai tilasta wa wadda ke rajistar farko kaɗai ta rubuta ƙa'idojinta ba. Abin da ya ce shi ne ta iya bayyana su ga iyaye da sufeto, kuma ta tabbatar mataimakiyarta tana bin su. Rajista ta biyu kuwa ta wajabta abu biyu a rubuce: yadda za ki kare yara daga cutarwa, da yadda za ki karɓi ƙorafi. Waɗannan biyun su ne farilla. Sauran duka zaɓinki ne.

Ni dai shawarata ki rubuta wasu daga cikin sauran, amma gajeru. Ranar da kuka samu saɓani da uwar yaro a kan ko za a kawo shi yana zawo, takardar da ta sa wa hannu tun farko ta fi "ai na gaya miki" ƙarfi. Sannan ki sauke EYFS na ƙarshe daga shafin gwamnati da kanki, ki duba ranar da ke bangonsa, domin an ƙara abubuwa a Satumban 2025 waɗanda tsofaffin fayil-fayil da ke yawo ba su da su.

Mataki na 2: Ki raba ƙa'ida da bayanan yau da kullum

Ƙa'ida ita ce abin da za ki yi idan kaza ya faru. Bayanan yau da kullum su ne shaidar abin da ya riga ya faru. Mutane kan ƙarar da ƙarfinsu a kan na farko su yi sakaci da na biyu, alhali na biyun ne doka ta fi tsanantawa. Ki tabbatar waɗannan suna nan a cike, babu ranar da ta faɗi:

Rajistar zuwa da tafiya ta kowace rana, da sunan kowane yaro da ainihin lokacin da ya shigo da wanda ya fita. Ba lokacin da ke cikin yarjejeniya ba. Idan an kawo shi 8:20 ki rubuta 8:20.

Takardar bayanan kowane yaro: cikakken suna, ranar haihuwa, suna da adireshin iyaye, wanda yake zaune da shi, wanda doka ta ɗora wa alhakinsa, da lambobin da za a kira idan ta ɓaci. Yanzu ana so, inda zai yiwu, lambobin su wuce biyu.

Littafin rauni da haɗari, littafin magani, bayanin duk ƙorafin da aka taɓa kawowa, da taƙaitaccen rahoton ci gaban yaro da ake rubutawa tsakanin shekara 2 da 3.

Satifiket ɗin rajistarki, na inshorar da ke biyan diyya idan wani ya ji rauni a hannunki, na horon taimakon farko ga yara wanda ake sabuntawa duk shekara 3, da shaidar binciken DBS, wato binciken ko mutum yana da tarihin aikata laifi.

Dukansu da Turanci za a rubuta su, domin EYFS ya ce mai reno ta iya ajiye bayanai da Turanci. Babu laifi ki yi wa uwar da ba ta ji sosai bayani da Hausa, har ma abin yabo ne, amma takardar da ke cikin fayil ta zama wadda sufeto da likita za su iya karantawa.

Wannan rajistar zuwa da tafiya ita ce kuma ke nuna ko kin wuce adadi. Iyakar ita ce yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu ƙanana, wato yaran rajistar farko, kada su wuce 3, kuma ɗan ƙasa da shekara 1 guda ɗaya tal, sai a wasu yanayi da kundin ya yi rangwame, kamar tagwaye ko wa da ƙani. 'Ya'yan cikinki suna cikin lissafin.

Mataki na 3: Ƙa'idar kare yara

Idan takarda ɗaya za ki zauna ki ba ta dare guda, to wannan ce. A rahoton sufeto, kariyar yara hukunci biyu kawai take da shi: an cika ko ba a cika ba.

Ki fara da nemo lambobi uku daga shafin ƙaramar hukumarki: ta sashen jin daɗin yara inda ake kai rahoto, ta kiran gaggawa bayan an tashi aiki, da ta jami'in da ake kira LADO. Shi LADO aikinsa karɓar zargin da aka yi wa babba mai aiki da yara, wato ke, ko mijinki, ko mataimakiyarki, ko duk wanda ke cikin gidan. Idan yaran da kike reno suna zaune a wata ƙaramar hukuma daban, abin da yake faruwa sosai a Landan da Manchesta inda titi ɗaya ke raba iyaka, ki nemo ta can ma, domin hukumar da yaro yake zaune a cikinta ake kai wa damuwarsa.

Daga nan ki rubuta amsar waɗannan tambayoyi, kowacce a layi uku ko huɗu, da "zan" ba da "ya kamata a" ba.

Me zan yi idan na ga alamar cutarwa? Ki ambaci nau'o'in guda huɗu da aka sani: duka da raunata jiki, cin zarafi ta hanyar lalata, ƙuntata wa zuciya, da sakaci. Ki ce za ki rubuta abin da kika gani da rana da lokaci, ki kira sashen jin daɗin yara ba tare da jinkiri ba, idan kuma yaro yana cikin haɗari a take ki kira 999.

Me zan yi idan yaro ya faɗa mini wani abu? Ki saurara, kada ki sa masa magana a baki, kada ki yi masa alkawarin ɓoyewa, ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Idan da Hausa ya faɗa, ki rubuta da Hausar tukuna sannan ki sa fassara a ƙasa.

Yaushe zan gaya wa iyaye? Galibi akan gaya musu kafin a kai rahoto, sai idan faɗar za ta ƙara jefa yaron cikin haɗari. Nan ne abin yake da nauyi a wajenmu. Uwar yaron wataƙila masallacinku ɗaya, tare kuke zuwa suna da biki, kuma an rene mu a kan rufin asiri da kai magana wajen manya. Amma mai reno ba ta da ikon mayar da irin wannan magana sulhun cikin gida. Ki rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar, ki karanta wa iyaye ranar farko, don kada ranar da ta zama dole a ce kin ci amana.

Me zan yi idan ni aka zarga, ko wani a gidana? Ki kira LADO nan take, kada ki yi bincike da kanki, kuma ki sanar da Ofsted da wuri, kada ya wuce kwana 14. Ƙin sanarwa ba tare da uzuri ba laifi ne a doka.

Sai ki ƙara layi a kan kaciyar mata, wadda dokar 2003 ta haramta har da fitar da yarinya waje don a yi mata, da layi a kan nauyin da dokar 2015 ta ɗora na lura da alamun cusa tsattsauran ra'ayi, wanda suke kira Prevent. Sufetoci suna yawan tambaya a kan waɗannan biyun, kuma kowa suke tambaya, ba ke kaɗai ba don kina sa hijabi. Ki amsa kai tsaye: alamun da za ki lura da su, da wanda za ki kira.

Tun Satumban 2025 akwai ƙari: abin da za ki yi idan yaro bai zo ba kuma ba a ce miki komai ba, yadda mataimakiya za ta kai ƙararki idan ta ga abin da bai dace ba, neman shaidar hali daga tsohon wajen aiki kafin ki ɗauki mataimakiya, da sabunta horon kariyar yara duk shekara 2. Na rashin zuwa ki sa masa lokaci. Misali, idan awa ɗaya ta wuce ba labari zan kira uwa, sannan uba, sannan lambobin gaggawa, idan duk shiru kuma hankalina bai kwanta ba zan kira sashen jin daɗin yara ko 'yan sanda su leƙa gidan.

Abu guda da tsofaffin hannu ke yi wanda ba kowane fayil ke ɗauke da shi ba: fom na raunin da yaro ya zo da shi daga gida. Ya zo da ƙulu a goshi, ki tambaya a bakin ƙofa, ki rubuta, uwa ta sa hannu. Haka nan jariranmu baƙaƙe da yawa ana haifarsu da wani tabo mai shuɗi-shuɗi a gadon baya ko ɗuwawu, wanda wanda bai sani ba zai ɗauka shatin duka ne. Ki rubuta wurinsa da girmansa tun ranar da aka fara kawo jaririn.

Mataki na 4: Mutanen gida da baƙi

Duk wanda ya kai shekara 16 yana zaune ko yana aiki a gidan dole a sanar da Ofsted, a yi masa binciken DBS. Ɗanki da ya cika 16 a watan jiya yana ciki, kuma shi aka fi mantawa. Ƙanin miji da ya zo karatu ya sauka a ɗakin baya yana ciki. Gyatuma da ta zo daga Kano ko Zinder zaman jego za ta yi watanni, ki sanar, kada ki tsaya kina auna ko ita baƙuwa ce ko 'yar gida. Wa'adin sanar da irin wannan canji ma kwana 14 ne.

Gidan Bahaushe ba a rasa mai sallama, saboda haka ki rubuta gajeriyar ƙa'idar baƙi: ba a barin baƙo shi kaɗai da yara ko na minti ɗaya, ba ya canza famfas, ba ya kai yaro banɗaki, ba ya ɗaukar hoto. Ki ajiye ɗan littafi a bakin ƙofa mai suna da lokacin shiga da fita. Shi ma sufeton ki nemi katin shaidarsa kafin ya shigo, zai lura kin yi.

Ki kuma shirya amsar lokacin salla. Doka ta ce yara su kasance inda kike ganinsu kuma kike jinsu, a mafi ƙaranci ɗaya daga ciki. Idan azahar ta same ki da yara uku, ki san a ina za ki shimfiɗa darduma, a ina su za su kasance, kuma kada ya zo daidai da lokacin cin abinci. Mataimakiya kuwa ba a bar mata yara ita kaɗai fiye da awa 2 a rana, shi ma sai da izinin iyaye kuma tana da horon taimakon farko.

Mataki na 5: Ƙorafi

Rabin shafi ya isa. Iyaye su fara yi miki magana. Idan sun rubuto ƙorafi a kan abin da ya shafi sharuɗɗan rajista, za ki bincika ki ba su amsa cikin kwana 28. Za ki ajiye bayanin ƙorafin da yadda aka ƙare shekara 3. Ki sa hanyar da za su tuntuɓi Ofsted kai tsaye idan ba su gamsu ba. Saƙon waya ma rubutu ne, kada ki ce ai ba wasiƙa ba ce.

Mataki na 6: Magani, ciwo da rauni

Kowane magani da izininsa a rubuce, da sunansa. Izini guda na "duk abin da ya kama" ba ya aiki. Maganin da sai an rubuta ake samu, sai wanda likita ko likitan haƙori ko nas ko mai harhaɗa magani ya rubuta wa wannan yaron, a cikin kwalinsa na asali. Mai ɗauke da asfirin sai likita ne ya rubuta. Duk lokacin da kika ba da, ki rubuta awo da lokaci, ki gaya wa iyaye a ranar. Ki kuma tambaya da safe ko an ba shi wani abu a gida da ƙarfe nawa, don kada farasitamol ya hau kan farasitamol.

Jiƙo, tsimi, ko wani gari da kaka ta aiko a ƙulle a leda, ki rubuta tun farko cewa ba kya bayarwa. Babu takardar da ke nuna abin da ke ciki, kuma idan yaro ya rikice ba ki da abin gaya wa asibiti. Zuma kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1 ko ɗigo.

A ɓangaren ciwo ki bi jadawalin hukumar lafiya ta UKHSA, kada ki ƙirƙiri naki. Amai ko zawo, awa 48 daga na ƙarshe. Ƙarambau, aƙalla kwana 5 daga fitowar ƙuraje kuma sai duk sun bushe. Ki faɗi ko ana biyan kuɗin ranar da yaro ke gida, domin nan rigima take, ko da yake wannan maganar yarjejeniya ce ba ta sufeto ba.

Rauni kowane iri a rubuta shi a gaya wa iyaye a ranar. Mai tsanani, ko gubar abinci da ta kama yara biyu ko fiye, sai an sanar da Ofsted cikin kwana 14.

Mataki na 7: Abinci

Kafin yaro ya fara zuwa ki karɓi bayanin abin da jikinsa ba ya karɓa, da abin da addini ko al'adar gidansu ta hana. Dokar abinci ta lissafa abubuwa 14 masu tayar da borin jini, kuma dole ki iya faɗin wanne ne ke cikin abin da kika dafa. Fayil ɗin da kika aro zai yi miki maganar burodi da cuku. Tukunyarki kuwa daban take. Gyaɗa tana cikin miyar taushe, tana cikin kunun gyaɗa, tana cikin yajin tsire ta hanyar ƙuli-ƙuli, tana cikin man da wataƙila kika soya ƙosai da shi. Riɗi yana cikin jerin. Awara waken suya ce, kuma akwai daddawar da da shi ake yin ta. Funkaso da alkaki da taliya alkama ne. Fura da nono madara ce. Busasshen jatan lande da ake daka wa miya shi ma yana ciki. Dunƙulen magi ki juya kwalin ki karanta, kowane kamfani da haɗinsa.

Ki zana tebur mai sauƙi: abincin mako a gefe ɗaya, abin da ke cikinsa daga jerin 14 a ɗaya gefen. Hukumar kula da ingancin abinci tana da kundi kyauta na masu reno a gida, wanda ke da shafukan tsabta da sanyin firji, ki cike shi maimakon ki rubuta sabo.

Maganar ƙwarewa da abinci, wato abinci ya toshe wa yaro maƙogwaro, an tsananta ta a 2025. Yaro yana ci, kina ganinsa kuma kina jinsa, duka biyun, domin yaron da abu ya toshe wa maƙogwaro ba ya iya kuka. Ki zauna kina fuskantarsu. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu, dabino a cire ƙwallo a yayyanka, gyaɗa ɗai-ɗai da aya ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne. Idan yaro ya ƙware har sai da kika taimaka masa, ki rubuta yadda ya faru ki gaya wa iyaye.

Mataki na 8: Tarbiyya

An hana mai reno dukan yaro, an hana ta yi masa barazanar duka, kuma nauyinta ne ta hana duk wanda ke gidan yi. Ranƙwashi, jan kunne, ɗalle baki, kamun kunne, duk suna ciki. Uwa za ta ce miki da zuciya ɗaya, "Idan ya yi miki rashin ji ki zane shi, ɗanki ne." Izininta ba ya halatta miki komai. Ki yi godiya ki nuna mata takardar.

Abin da za ki rubuta shi ne abin da kike yi a madadin haka: janye hankalin ƙarami zuwa wani wasa, durƙusawa daidai tsayinsa a yi masa magana, ba shi zaɓi biyu, yaba masa idan ya yi daidai. Idan ta kama kin riƙe yaro da ƙarfi don kada ya faɗa titi ko ya ji wa wani ciwo, wannan ya halatta, amma sai an rubuta an gaya wa iyaye a ranar.

A nan za ki iya haɗa layuka kaɗan a kan yaro mai buƙata ta musamman da kuma rashin nuna bambanci, bisa dokar daidaito ta 2010. Sabon tsarin duba aiki na Ofsted yana ba wannan nauyi sosai. Sufeto zai so ya ji wane yaro ne kika lura maganarsa ta yi jinkiri, me kika yi, wa kika tuntuɓa. Yi wa ɗan Hausawa Hausa a wajen wasa ba laifi ba ne, EYFS da kansa ya yarda a ba yaro damar amfani da harshen gidansu tare da koyon Turanci.

Mataki na 9: Ranar da abu ya ɓaci

Ɓatan yaro, rashin zuwa ɗaukarsa, da gobara. Kowanne shafi ɗaya bai cika ba, amma ki sa mintuna da wurare na gaskiya. Idan yaro ya ɓace a filin wasa: tattara sauran, duba na ɗan lokaci kaɗan, 999, iyaye, sannan Ofsted. Idan ba a zo ɗauka ba: minti nawa za ki jira kafin kira, awa nawa kafin ki kira sashen jin daɗin yara. Ki rubuta cewa ba kya ba da yaro ga wanda ba a sanar da ke shi ba, ko da ya ce shi kawunsa ne kuma kamar ta nuna. Kalmar sirri da kuka shirya da iyaye tana warware wannan.

Na gobara, ki bi hanyar fita da ƙafarki ɗauke da jariri a hannu ɗaya, ki ga ko mukulli yana inda hannu zai kai. Ki gwada da yaran lokaci-lokaci ki rubuta ranar. Kaskon turaren wuta da garwashinsa a bari sai yara sun tafi, kuma kada a cire batirin ƙararrawar hayaƙi saboda shi. Sigari da shisha da na lantarki ba a sha inda yara suke.

Nazarin haɗarin gida ba dole ne ya zama a rubuce ba, ke za ki yanke. Abin da ba ya wucewa shi ne sufeto ya ga buta cike da ruwa kusa da mai rarrafe, ko ruwan wanke banɗaki a ƙasa, ko igiyar labule tana reto. Idan kina ɗaukar yara a mota, inshorar ta zama wadda ta haɗa da sana'a, da kujerar da ta dace da kowane yaro.

Mataki na 10: Waya, hoto da sirri

Ƙa'idar kare yara dole ta faɗi yadda ake amfani da waya da kyamara da duk na'urar da ke ɗaukar hoto, har agogon hannu mai kyamara da kyamarar bakin ƙofa. Ki karɓi izinin hoto a rubuce, ki raba shi: hoton da za a tura wa iyayen yaron, da wanda wasu iyaye za su gani, da wanda za a sa a Facebook. Idan kina ajiye bayanan yara ko hotunansu a waya ko kwamfuta, ki duba rajista da ofishin kare bayanai na ICO, akwai ɗan kuɗin shekara. Bayanan zuwa da tafiya da magani da rauni, rajista ta biyu ta ce a ajiye shekara 2. Kamfanonin inshora kan ba da shawarar a riƙe na rauni har yaron ya kai 21, saboda yana da damar kai ƙara bayan ya girma.

Mataki na 11: Daga kiran waya zuwa ranar

Ki sa wa kowace takarda ranar da kika rubuta ta da ranar da za ki sake dubawa. Ki ba iyaye, a takarda ko ta imel, su sa hannu cewa sun karanta. Ƙungiyoyin masu reno irin su Coram PACEY suna da samfura ga mambobinsu. Ki yi amfani da su don gano abin da kika manta, amma ki goge duk layin da ba kya yi.

Galibi akan kira mai reno kwanaki kaɗan kafin zuwa, ba su cika wuce biyar ba, a tambayi ranakun da take aiki. Idan ƙorafi ne ya kawo su suna iya zuwa ba sanarwa. Da zarar kin sani, dole ki gaya wa iyaye, kuma sufeto zai so jin ta bakinsu, don haka wadda ba za ta samu tsayawa ba ta rubuto 'yan layuka. Tun 10 ga Nuwamban 2025 an daina ba da hukunci guda na kalma ɗaya. Yanzu kati ne mai ɓangarori, kamar koyarwa, walwalar yara, ɗabi'a da shugabanci, kowanne da matakinsa cikin biyar.

A kwanakin da suka rage kada ki rubuta sabuwar ƙa'ida. Ki duba ranar ƙarewar inshora da ta taimakon farko. Ki buɗe akwatin taimakon farko ki fitar da abin da ya daina aiki. Ki kira lambobin ƙaramar hukuma ki tabbatar ba a sauya su ba. Ki bi rajistar zuwa da tafiya ki ga ko akwai ranar da babu lokacin fita. Idan akwai giɓi kada ki cike shi da ƙiyasi kamar a ranar aka rubuta, ki sa bayani a gefe da kwanan watan yau.

Sannan ki ba wata fayil ɗin, ki rufe naki idon daga kansa, ta riƙa jefo miki tambaya da Turanci: yarinya ta ce kawunta yana taɓa ta, me za ki yi? An zargi mijinki, wa za ki kira? Uba ya zo ɗauka yana warin giya, fa? Inda kika yi in'ina ki koma wannan shafin ki gajarta shi har ya zauna a bakinki. Idan kina da mataimakiya ita ma a yi mata, domin sufeto zai ja ta gefe ya tambaye ta ita kaɗai. Bayan rahoton ya fito kuma, ki ba iyayen kowane yaro da ke zuwa kwafinsa.